Kifin Meksik a Tamanrasset

Tun da na dawo daga Aljeriya runfata ba ta rabu da masu tambaya ba. Wanda ya kawo gyaran takalmi sai ya nemi wuri ya zauna, wanda ya zo karɓar kuben wuƙarsa shi ma sai ya ja benci: "Malam Isufu, yaya Tamanrasset ɗin take? An ce har abincin Nasara ka ci a can?" Nakan ce lafiya lau, in sunkuyar da kai kan fatar da nake yanka. To, mutanen Damagaram ba a sallamar su da lafiya lau. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi gaba ɗaya, tun daga tasha, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ga wanda bai san dalilin tafiyar ba. Ɗana Ɗanjuma da Lawali ɗan maƙwabtanmu tare suka tashi, tare suka yi lekkol, wato makarantar boko, tare suka bar ta. Lokacin da samari suka yi ta yayin tafiya Amirka ta ƙasar Meksik, su ma suka bi sahu. Ɗanjuma ya bar matarsa Rabi da goyo. Da fari muna jin muryarsa a salula a kai a kai, yana cewa sun sami aiki a wani gidan abinci a bakin teku, suna jiran hanya ta buɗe. Ana nan sai shiru. Bayan shirun sai ga saƙon murya ɗaya daga Lawali, yana cewa Ɗanjuma ya shiga jirgin ruwa, ba a ji isarsu ba, a taya su da addu'a. Daga nan lambar Lawali ita ma ta daina shiga.

Muka zauna haka, damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Iyayen Rabi suka fara aiko mini da tambayar da ba ni da amsarta: 'yarsu matar aure ce, ko mai takaba? Na je wurin limaminmu, ya ce shi ba zai sallaci mutumin da babu wanda ya shaida mutuwarsa ba. Ana cikin haka wani direban kamiyo, wato babbar mota, mai kawo dabino da taliya daga arewa ya tsaya a runfata, ya rantse mini ya ga Lawali da idonsa a Tamanrasset, yana sayar da abinci. Na rufe runfa. Mai ɗakina Hajara ta ɗaure mini kilishi da ƙuli-ƙuli. Uwar Lawali, Iya Zuwaira, ta kawo leda cike da soyayyar fara da yaji, ta ce, "Malam, in ka gan shi ka ba shi, ka ce ni ban yi fushi ba."

Daga Damagaram zuwa Agadas babu abin faɗi, sai zafi da ciwon gwiwa. Wahala ta fara ne daga Agadas zuwa Arlit, inda kwalta ta mutu ta bar ramuka. A wannan motar na zauna kusa da wani saurayi Bakano mai suna Nura, aski yake yi a gida, ya ce zai je ya gwada aikin gini. Bakinsa ba ya hutawa. Komai ya gani sai ya ce, "Baba, yanzu mun kusa boda?" Ni ina ce masa iyaka da saura, shi yana ta boda. Ya ci rabin kilishina, amma ya rage mini tunani, don haka ban ji haushi ba.

A Arlit muka sauya zuwa kat-kat, motar shiga rairayi mai buɗaɗɗen baya. Direban Ba'abzine ne mai suna Alhusaini, Hausarsa tar, sai dai a taƙaice yake magana. Ya kafa sanduna a gefen motar, kowa ya zauna a kan jarka ya maƙale sanda a tsakanin cinyoyinsa, ƙafafu na lilo a waje. Ya ce, "Wanda ya ji barci ya ciji harshensa. Wanda ya faɗi, sai in wani ya gani." Ban ɗauka da gaske yake ba sai da muka tashi.

A cikinmu akwai wata tsohuwa Ba'abzina, an ba ta wuri a tsakiya kan buhunan albasa. Asibitin ido za a kai ta a Tamanrasset, farar yana ce ta rufe mata ido biyun. Da muka tsaya sallah ta gutsuro mini cuku, ta ce, "Kai muryarka ta tsoho ce. Tsoho ba ya bin wannan hanya don neman aiki. Wa ka rasa?"

Na ce, "Ɗa."

Ta ce, "Ni ma. Libiya ya tafi. Na daina son a buɗe mini idon nan ma, 'yata ce ta matsa."  Muka ci cuku muka kora da ruwan jarka mai warin esansi, wato fetur.

A Assamaka aka duba takardunmu, dowan, wato 'yan kwastan, suka zazzage kaya, wani jandarma ya buɗe ledar Iya Zuwaira ya sansana ya mayar. Gaba da nan ni ba ni da takardar shiga Aljeriya, yawancinmu ma haka. Alhusaini ya bar hanya ya yanki daji da gudu kamar ana korar sa. A wannan gudun ne motar ta yi tsalle a kan wani tudun rairayi, takalmina na ƙafar dama ya fice. Takalmin da na ɗinka da hannuna, jar fatar akuya, na ga yana juyi a iska har ya ɓace. Na yi ihu, Nura ya yi ihu, direba ko waiwaye. Haka baduku ɗan baduku ya shiga ƙasar mutane da takalmi wari ɗaya. A In Guezzam na sayi silifa na roba, kore, ya yi mini kaɗan, diddigena na taɓa ƙasa. Nura ya yi dariya har da hawaye. A nan muka rabu da shi, ya sami masu ɗiban lebura.

Tamanrasset gari ne a cikin duwatsu, kuma abin da babu wanda ya gaya mini shi ne sanyi. Na zaci duk arewa wuta ce. Na sauka da riga ɗaya, haƙorana na haɗuwa. Aka nuna mini butik ɗin Alhaji Mamman, Bamaraɗe mai sayar da atamfa da turare, wanda duk baƙo daga Nijar yake fara sauka a wurinsa. Ya ba ni bargo biyu da katifa a ɗakin ajiyar kaya, inda wasu leburori suke kwana. Ya gargaɗe ni kada in yi yawo a manyan tituna, saboda ana kama marasa takarda a mayar da su iyaka.

Abubuwan da na gani a garin, zan faɗi kaɗan. Burodi shi ne tuwonsu. Da shi suke karyawa, da shi suke cin miya, da shi suke share kwano. Ba sa zubar da shi a shara, in ya kwana sai su ɗora a kan katanga ko su rataye a leda, wanda ke so ya ɗauka. Mazansu kuwa sai su yini a gidan kofi da ɗan kofi kamar murfin kwalba, suna kurɓa suna kallon titi. Mu da muka saba a cika mana kwanon fura, na rasa me suke ji a ciki. Gaisuwarsu gajera ce: labas, labas, kowa ya wuce. Na gaida wani mai sayar da burodi irin tamu, na tambayi iyali da gajiya da sanyi, ya tsaya yana kallona kamar na zo roƙo.

Da na ambaci Lawali, Alhaji Mamman ya ce, "Lawali Meksik? Wa bai san shi ba? Yaron kirki, sai dai ba ya hira. Je ka bayan garejin nan na Tahaggart, za ka ga ƙofa mai shuɗin fenti."

Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Tebur na roba kaɗan, kujeru kowace da launinta, firiji tsoho yana gurnani a lungu. An zana kifi a bango da hannun wanda bai iya zane ba, an kuma rataye wasu takardu masu launi an yanka su kamar ado. Wata ƙaramar rediyo tana ta busa ƙaho da kiɗan da ban taɓa ji ba. Na yi sallama. Lawali ya fito daga bayan labule da ludayi a hannu. Ya rame, gemu ya fito masa. Da ya gan ni ludayin ya faɗi. Ya durƙusa har ƙasa ya kama ƙafata, silifan nan kore.

"Baba. Baba, kai ne da kanka?"

Na ce, "Ni ne. Tashi."

Bai tashi ba sai da na ɗaga shi. Na miƙa masa ledar uwarsa, na faɗa masa saƙonta. Ya buɗe, ya ga fara, ya rufe, ya shige bayan labule. Na daɗe ina jin ruwa na zuba a can kafin ya fito da jajayen idanu da kwanon shinkafa da wake.

Na ce, "Lawali, ba abinci ya kawo ni ba."

Ya ce, "Na sani, Baba. Ka yi mini haƙuri motar kifi ta iso. Zan faɗa maka komai, amma ba a kan shinkafa da wake ba."

Na ɗauka gudun magana yake, kuma da gudun a ciki. Amma motar kifin gaskiya ce. Daga bakin teku can arewa take tahowa da kifi a cikin ƙanƙara, tafiya mai nisa fiye da wadda na yi, kuma a wannan karon ta lalace a In Amguel. Na yi kwanaki ina zuwa da safe ina zama a lungu. Na ga masu cin abincinsa: leburorin Nijar, 'yan Mali, makanikai Larabawa daga garejin. Yawancinsu shinkafa da wake suke nema, ko taliya. Wani makanike mai suna Jamal ne kawai kullum yake leƙowa ya ce, "Meksik, hut?" wato kifi, Lawali ya girgiza kai. Na ga yadda yake aiki ba ya ɗaga ido. In na buɗe baki sai ya tuna albasa ta ƙare, ko mai kawo masa tumatir daga lambunan Outoul yana jiran sa. Raina ya ɓaci, har na ce wa Alhaji Mamman yaron nan yana wasa da furfurata. Alhaji ya ce in ƙara haƙuri, shi tun da yaron ya zo bai taɓa jin ya ambaci Meksik da bakinsa ba, mutane ne suka laƙaba masa.

Ranar da motar ta iso, bayan azahar, Lawali ya sallami masu cin shinkafa, ya ba Jamal nasa a leda, ya tura ƙofa. Ya shimfiɗa mini leda mai zanen furanni a kan tebur. Ya kwaɓa garin masara, yana mulmulawa yana dannawa da gindin faranti, yana gasawa a kan tanda, sai ga waina siririya mai faɗin tafin hannu. Ya ce sunanta tortiya, ita ce tuwon mutanen can.

Abin da ya fara kawowa ɗanyen kifi ne an yayyanka ƙanana, da albasa da tumatir da ɗanyen barkono da wani ganye mai ƙamshi, an jiƙa shi da ruwan lemun tsami.

Na ce, "Wannan ai ba a dafa ba."

Ya ce, "Lemun ne yake dafa shi, Baba. Ɗanjuma ma ranar farko cewa ya yi shi ba kyanwa ba ne."

Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa. Na ɗebo da tortiyar na kai baki. Sanyi, tsami, yaji. Ba zan ce da daɗi ba, ba zan ce babu ba. Mu da muka san kifi sai banda daga Diffa, baƙi ƙirin da warin hayaƙi, wannan wani abu ne daban.

Sai ya kawo soyayyen kifi a naɗe cikin tortiyar da kabeji da jar miya mai zafi, ya ce wannan tako ne. Bayan shi romo ja a kwano, wasu abubuwa lanƙwasassu masu gashin baki suna iyo a ciki.

Ya ce, "Jatan lande ne. Ɗanjuma farar teku yake ce musu. A ɓare kai, a cire ƙafa, kamar dai fara."

Ya zauna a gabana, bai zuba nasa ba. Ya kashe rediyon. Sannan ya fara.

Ya ce garin da suka tsaya ƙaramin gari ne na masunta a kudancin Meksik. Sun iso da kumburarrun ƙafafu, suna kwana a bakin kasuwa, suna tsoron cin komai don ko'ina naman alade. Sai suka ga wani gidan abinci na unguwa wanda kifi kawai ake dafawa. Mai wurin wata tsohuwa ce gajera mai suna Karmela, mijinta masunci ne ya rasu. Ta ga suna leƙe, ta kira su da hannu, ta zuba musu romon nan. Da suka gama suka tashi suka wanke mata kwanoni, don ba su da abin ba ta. Washegari suka koma, ta ba su wuƙa da tulin albasa. Haka suka zauna.

"Wuri ne kamar nan, Baba, sai dai ya fi nan rai. Masunta su shigo da rigunansu a jiƙe, mata da yara, kowa ya san kowa. Ranar Lahadi har waje ake jera kujeru. Ta share mana wani lungu tsakanin akwatunan lemo muna sallah, in muna yi sai ta rage rediyo. Ba ta iya faɗin Ɗanjuma ba, Huma take ce masa. Duk unguwar Huma, Huma. Shi ya fi ni hannu. Romon nan da kake sha, nawa bai kai rabin nasa ba."

Na ce, "Ɗanjuman da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba a gida?"

Ya yi ɗan murmushi. "Shi fa. Har tsohuwar ta ce ya zauna, za ta nema masa takarda, in ta gaji ta bar masa wurin, tun da 'ya'yanta sun tafi Amirka ba su dawo ba. Na ce masa mu zauna. Ya ce shi bai baro Rabi da yaro don ya yanka albasa ba, mutanen gida Amirka suka ji ya ce."

Ya ce hanyar mota cike take da shingaye, ana kama mutane ana mayar da su baya, shi ya sa masu fasa-ƙwaurin mutane suka koma ɗiba ta ruwa, su bi gaɓar teku su sauke su gaba da shingayen. Ɗanjuma ya shirya musu su biyu. Tsohuwar ta yi ta roƙon sa, ta ce watan iska ne, masunta ma ba sa nisa. Da yamma suka je bakin ruwa.

"Kwalekwale ne, Baba, mai inji, irin na kamun kifi. An cika shi har ruwa na taɓa baki. Na sa ƙafa ɗaya a ruwa, ɗayar ta ƙi tashi. Wallahi ta ƙi. Ya ce, Lawali taho mana. Na ce ba zan iya ba. Ya yi dariya ya ce, to koma wa tsohuwarka, in na isa zan kira ka ka ji kunya. Ya zauna a gefe yana ɗaga mini hannu."

Na ajiye cokalin.

Ya ce kiran bai zo ba. Shi da Karmela suka yi ta bin gaɓa gari gari da hoton Ɗanjuma, tana tambayar masunta da yarensu. An tsinci wasu gawarwaki can gaba, suka je ɗakin ajiye gawa, ita ta riƙe masa hannu aka buɗe musu ɗaya bayan ɗaya. Babu shi. Wani ya ce an ceto wasu an tsare su, suka je, babu shi. Wani ya ce 'yan bindiga kan tare irin waɗannan jiragen su kwashe mutane. Masu jirgin kuwa sun ɓace. Tsohuwar ta kafa hotonsa a kan kanta kusa da na mijinta, tana kunna masa kyandir. Lawali ya ce ya kasa ci gaba da ganin hoton, ya kai kansa ga hukuma aka dawo da shi Yamai. Ya sayi tikitin Damagaram, ya zo tasha, amma sai ya shiga motar Agadas.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Lawali, dube ni. Ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Baba."

"Ka ga wanda ya gani?"

"A'a."

"A zuciyarka, yana raye?"

Ya ce, "Wata rana in ce e, wata rana in ce a'a."

Na ce, "Saurara. Akwai yarinya a gidana, ba ta san ko ta yi lalle ba ko ta yi takaba. Akwai uwarsa. Kalma ɗaya nake so in kai musu. Ka ce mini ya rasu. Ka faɗa a gaban Alhaji Mamman, ni in ɗauka in kai wa liman, a yi masa sallah, a yi sadaka, kowa ya san inda yake tsaye. Alhakin a wuyana."

Ban san zan faɗi haka ba sai da na ji shi a bakina. Uba yana roƙon a ce masa ɗansa ya mutu.

Lawali ya kifa kai a kan tebur. Ya ce, "Baba, ka ce in yanke hannuna in ba ka, zan yanke. Amma in na faɗa, aka ɗaura wa Rabi aure, rannan ya yi sallama a ƙofar gida fa? Na bar shi sau ɗaya a bakin ruwa. Ba zan binne shi da bakina ba."

 Romon ya huce a gabana, mai ya taru a sama. Na dubi abubuwan nan masu gashin baki, na tuna daga inda ake kamo su, na janye hannuna daga kwanon. Lawali ya lura, ya ce a hankali, "Ba tekun ba ne, Baba. Wannan na Aljeriya ne." Na ce na sani. Na ɗauki cokali na shanye shi tas, don ɗana ya iya dafa shi kuma ban taɓa cin girkinsa ba.

Kafin in taso na yi ta fama da shi ya biyo ni gida, ko don uwarsa. Ya ce da wane ido zai dubi Rabi, da wane ido zai dubi yaron. Na ce ba wanda ya ɗora masa laifi. Ya ce shi ya sa ma. Ya ce har yanzu yana kiran tsohuwar a waya lokaci lokaci, da guntun yaren da ya koya, ita ta tambaye shi ko an ji wani abu, shi ya tambaye ta. Ya saya mini takalmi sau-ciki da rigar sanyi, ya raka ni har inda kamiyo ke lodi, ya tsaya daga nesa saboda masu kame.

A kan buhunan taliya na dawo. A Assamaka na tarar da jerin mutanen da aka kwaso daga Aljeriya aka zube a daji, suna shigowa da ƙafa, wasu da bargo a ka, wasu babu ko takalmi. A cikinsu na ga Nura. Leɓensa ya farfashe, bai ce boda ba. Na ba shi ruwa da sauran ƙuli-ƙulina, na roƙi direba ya ɗauke shi zuwa Agadas.

Da na iso gida na fara da liman. Ya ce hukuncin wanda ya ɓace a bi shi: a kai maganar gaban alƙali, Rabi ta jira shekara huɗu. Na gaya wa iyayenta, ubanta ya ce to, bai dube ni ba. Rabi ta saurare ni a durƙushe har na gama, ta ce, "Sannu da hanya, Baba," ta ɗauki ɗanta ta shiga ɗaki. Iya Zuwaira ta tambaye ni ko ya ci farar. Na ce ya ci, ko da yake ban gani ba.

Hajara ce ba ta tambaye ni komai ba, ko da yake tana ji ina ba Rabi labarin. Ɗanjuma ɗanta na fari ne, ko yana nan ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Ta kawo mini ruwa, ta kawo tuwo, ta kwashe kwano. Sai bayan kwana biyu, da hantsi, ina zaune a tsakar gida ina jiƙa fata, ta zo ta tsaya a bayana tana tsince shinkafa a faifai.

Ta ce, "Malam, matar nan da ka ce. Tana ba shi yana ƙoshi?"

Na ce, "Yana ƙoshi. Lawali ya ce har ƙiba ya yi."

"Ba ta yi masa faɗa?"

"Ɗa ta ɗauke shi."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Can ta ce, "Yaya sunanta?"

Na ce, "Karmela."

Ta gwada faɗi, harshenta ya karye, ta sake gwadawa har ta iya. Tun daga ranar, in ta idar da sallah ina jin ta ta labule. Ba ta san ko ta roƙa wa ɗanta gafara irin ta mamaci ba, ko ta roƙa masa hanyar gida, sai ta tsallake shi. Tsohuwar take yi wa addu'a.